Abin da Kakata Ta Faɗa Daga Bayan Labule

Har yau in na ji ƙanshin ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa, kakata nake tunawa, daga nan kuma raina ya ɓaci. Ba ita ta ɓata min ba, Allah ya jiƙanta. Bari ka ji waɗanda suka ɓata.

Ungozoma ce a zangonmu na Kumasi, rabin lungunmu a hannunta suka faɗo duniya. In an haihu, ita ke naɗe mabiyiya a tsumma, ta haƙa rami bayan ɗaki ta binne. Da damina jar ƙasar nan mai danƙo sai ta manne mata a zane har gwiwa, ta dawo tana mita, tana neman ruwan ɗumi.

Kakana kuwa tsohon falken goro ne, kuma yana da ra'ayinsa. Duniya zango ce, in ji shi, Kumasi zango cikin zango, wata rana ayari zai tashi mu koma Arewa. Shi ya sa kwanon ɗakinsa ya yi ta yoyo bai sake ba, sai dai a tara roba. Bakinsa ba ya rabo da cewa baƙo raɓa ne.

Ita kuma ba ta taɓa barinsa ya sha da daɗi ba. A ganinta, wanda ya ce shi baƙo ne, hanyar gudun gyara ya samu, don baƙo ba ya yashe kwatar mai masauki. Ta ce mutum ɗan inda yake ɗaukar nauyi ne, ko a ina aka haifi ubansa. Ya kawo aya, ta tambaye shi ko ayar ta hana gyaran rufi. Ya kawo tarihin fatake, ta lissafo masa jikokinsa da ba su san hanyar Kano ba. Haka na tashi ina jinsu, kan tuwo, kan koko, babu wanda ya sauka daga bakansa.

Wata shekara wani ɗan boko ya zo daga Ankara, babban birnin ƙasar nan, da rikoda, wai yana tattara tunanin mutanen zango. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, dattawa maza suka kewaye shi. Baffana, da ke sayar da kayan mota a unguwar Suame, shi ne tafinta. Kakana ya baje kolinsa, tsofaffi na gyaɗa kai don kara. Can sai muryar kakata ta fito daga bayan labule.

"Ei, Malam! Ba kowa ba ne koraa, sam-sam. Kai ka ce, ni ban ce ba. Raɓan da ya haifi jikoki, wane irin raɓa ne wannan?"

Baƙon ya ɗago, ya tambayi me tsohuwar ta ce. Baffana ya yi dariya, ya ce wasa take yi. Mutumin bai sake tambaya ba, ya gyara zaman rikodarsa wajen maza. Matar da ta yi shekara da shekaru tana kafa hujja, aka mayar da ita mai barkwanci a numfashi guda. Ta saki labulen ta koma murhu, ranar ba ta ci abinci ba.

Yanzu 'yata tana jami'a, tana karanta falsafa. Ta ce min malamai sun rabu biyu. Wasu na cewa mu baƙar fata muna da falsafarmu, kowace al'umma da tunaninta guda, kamar anko. Wasu na cewa karin magana ba falsafa ba ce, tunda ba wanda ya yi jayayya da ita. Wallahi duka biyun haushi suke ba ni. Na farkon sun dama mu kamar fura, na biyun sun rantse ba ma musu, alhali babu wanda ya taɓa zama tsakar gidanmu lokacin cin tuwo.

A cikin abin da aka ba ajin 'yata su karanta an rubuta cewa mutanen zango sun yi imani su baƙi ne har abada. Mutanen zango! Maganar tsoho ɗaya mai yoyon ɗaki ta zama ta kowa. Kuma irinta ake jefa mana duk lokacin da muka nemi hanya ko famfo: ai ku da bakinku kun ce ba zama kuka zo ba.

Na zaunar da 'yata na ba ta hujjojin kakata, iya abin da na riƙe. Ta sa su a aikinta cikin murna. Takardar ta dawo da jan biro a gefe: wa ya faɗa, a wane littafi?

"Mama, in cire?" ta tambaye ni.

Kakana ya rasu, baffana ya rasu, sauran tsofaffin zauren ma ƙasa ta rufe musu ido. Lungun ya cika da benaye, haihuwa ta koma asibiti, ba mai shaida sai ni.

'Yata ta cire wurin, ta samu maki mai kyau. Har yau ban iya ce mata barka ba.