Ranar da Aka Ɓoye Ni a Bayan Teburi

Shekarun baya, ina shekara ta biyu a kwalej a Gazawa, aka yi mini wani abu da har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Ni ma kuma a ranar na yi wa wata abin da ba ta cancanta ba. Duka biyun zan faɗa muku, don in na faɗi ɗaya na bar ɗaya, ban yi gaskiya ba.

Ga waɗanda ba su taɓa ganina ba, ina da zanen Gobirawa a fuska. Mahaifina mutumin wajen Cadakori ne, fataucin wake ya kawo shi Gazawa ya zauna. Ni a ƙauye aka haife ni, kakata ta sa wanzami ya yi mini tsaga tun ina jaririya, daga gefen baki har kusa da kunne, hagu da dama. Ƙannena duk a Gazawa aka haife su, ba wanda aka taɓa wa fuska. A gidanmu daga ni sai Baba.

Ina ƙarama abin bai dame ni ba. Sai da na shiga kwalej, lokacin da kowace yarinya ta fara yawo da ɗan madubi a jaka, na san ina ɗauke da wani abu. Yaran ajinmu suka sa mini suna Kaye, wato littafin rubutu da Faransanci, wai fuskata layi-layi ce kamarsa. Na fara jawo hijabi gaba har ya kusa rufe mini ido. Akwai ranar da na saci hodar mahaifiyata na cike layukan tsaf, na fita ina taƙama. Kafin in kai lakol, wato makaranta, gumi ya wanke ko'ina ya bar hodar a cikin tsagar kaɗai. Na shiga aji da fararen layuka kamar an yi shuka a kan kunya. Ranar har malamin lissafi, wanda ba ya dariya, sai da ya juya ya fuskanci allo.

Abu ɗaya nake da shi da ba mai iya taɓawa: Faransanci. A nan ba wanda yake gabana a ajin. In Madam, malamarmu ta Faransanci, ta ce in tashi in yi karatu, masu kirana Kaye ma shiru suke yi.

A shekarar ne wata ƙungiya ta gina mana sababbin azuzuwa, aka ce baƙi za su zo buɗewa, har da Turawa da manya daga Maradi. Madam ta ce kowa ya rubuta jawabin maraba, wanda nasa ya fi kyau shi zai tsaya gaban baƙi ya faɗa. Kwana huɗu na yi ina rubutawa ina gogewa. Nawa aka zaɓa. Na haddace shi har ina faɗinsa ina daka, ina faɗinsa ina jan ruwa. Awakin gidanmu ma ina jin sun haddace rabinsa. Baba ya ce ranar ba zai je kasuwa ba, zai zo ya gani.

Saura kwana uku daraktan kwalej ya ce a kawo mai jawabin buro, wato ofishinsa, ya ji. Na shiga na gaishe shi, na faɗa daga farko har ƙarshe ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Shi kuwa ba saurare yake ba, kallona yake. Da na gama ya juya wajen Madam, ya yi mata magana da Faransanci, kamar ba ni ce na gama zuba masa Faransancin ba.

Ya ce, “Jawabi ya yi. Amma za a ɗauki hotuna. Kina so a tafi da wannan fuskar Turai a ce har yanzu muna yanka yara? Nemo wata.”

Madam ta ce, “Mushe, ita ta rubuta.” Mushe muke ce wa malamai maza, daga Faransanci.

Ya ce, “To ta koya wa wata. Ranar sai ta zauna bayan teburi, in waccan ta manta ta tuna mata.”

Ina tsaye. Ban fi taku biyu da shi ba. Bai ko rage murya ba. Madam ta sunkuyar da kai ta ce to. Wannan “to” ɗin ma na daɗe ban yafe mata shi ba.

Wadda aka zaɓa ƙawata ce, wadda muke zama benci ɗaya. Fara ce, fuskarta sumul, ga ta da kunya, ko a aji ba ta son a ce ta tashi. Ita ce kaɗai ba ta taɓa ce mini Kaye ba. Kullum tare muke cin ƙosai lokacin hutu. Amma daga ranar na daina ganin ƙawata, fuska kawai nake gani, fuskar da aka ce ta fi tawa.

Da na koma gida na iske Baba a zaure yana auna wake. Ban gaishe shi ba. Na ce, “Baba, don me kuka tsaga mini fuska?”

Ya ajiye kwanon awo ya dube ni. “Mi ya faru?”

Na faɗa masa. Na ƙara da abin da ba a faɗa wa uba. Na ce sun lalata ni, na ce ba wanda ya tambaye ni, na ce in abin kirki ne me ya sa bai yi wa ƙannena ba. Mahaifiyata ta fito daga cikin gida da muciya a hannu, ya ɗaga mata hannu ta tsaya.

Ya ce, “Gaskiya ne, ba a tambaye ki ba. Ni ma ba a tambaye ni ba. Haka munka taras ana yi. Da na ga lokaci ya wuce shi, na hana a yi ma ƙannenki. Naki kuwa ba ni iya gogewa, ɗiyata.”

Na so ya yi mini faɗa, in samu abin da zan yi wa kuka. Bai yi ba. Ya ci gaba da awonsa, amma na ga ya auna kwano ɗaya sau biyu.

Kwana ukun nan na koya wa ƙawata jawabin, irin koyarwar mugunta. In ta yi kuskure sai in yi tsaki. In ta ce in maimaita sai in faɗa da sauri yadda ba za ta kama ba. Ta ce mini, “Don Allah in na tsaya ki faɗa mini da ƙarfi, kin ji?” Na ce mata kada ta damu.

Ranar buki aka kafa rumfa a filin lakol, aka jera kujeru, aka shimfiɗa wa teburin manya zane har ƙasa. Bayan teburin nan aka ajiye ni a kan ɗan kututture, da takarda a hannu, inda baƙi ba za su gan ni ba. Abin da nake gani kawai takalman manya da ƙafafun ƙawata. Ta wata ’yar kafa na hango Baba can baya cikin iyaye. Na riga na ce masa kada ya zo, amma ya zo, da babbar rigarsa ta Juma'a.

Ta fara da kyau. Ta yi gaisuwa, ta yi godiya. Da ta kai wurin da na fi so, inda na rubuta yadda muke karatu a rumfar kara, ruwan sama na korar mu gida, sai na ji an yi tafi. Kalmomina ake tafa wa, ana kallon fuskarta. Tafin ne ya ruɗa ta. Da aka yi shiru ta buɗe baki, ba abin da ya fito.

Ta ɗan juyo ta kira sunana a hankali.

Ina jin ta. Kalmar da take nema tana kan harshena, ba na ma bukatar takarda. Na naɗe takardar, na rufe bakina, na zuba wa takalminta ido.

Ta sake kirana. Ta maimaita jimlar ƙarshe, ta sake maimaitawa. Wani yaro ya yi dariya, sai wasu suka kama. Ban san ko minti nawa ta yi a tsaye ba, amma ya isa a ce na canza shawara sau goma, ban canza ba. Daga ƙarshe ta sa hijabi ta rufe fuska ta ruga bayan aji. Wata Baturiya ta fara tafi don a rufe kunyar, aka wuce zuwa wasan ɗalibai.

Kada in yi muku ƙarya, a lokacin daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni kamar na sha ruwan randa.

Bayan baƙi sun tafi darakta ya sa aka kira ni. Yana huci ya ce, “Me na ajiye ki ki yi a wurin? Ba ki da baki ne?”

Na ce, “Mushe, bakin a jikin fuskar yake. Kun ce a ɓoye ta.”

Har yau ina mamakin inda na samo wannan. Ya miƙe tsaye, ya ce in fita, kada in dawo sai da ubana.

Washegari muka zo da Baba. A hanya ina ta shirya yadda zai wanke shi tas, shi da yake da irin fuskata. Muna shiga buro sai na ga Baba ya cire takalmi, ya durƙusa. Mutumin da ya girmi darakta da shekara goma. Ya ce, “A yi haƙuri, Mushe. Ƙuruciya ce. Ba ta ƙara wa.” Darakta ya yi ta magana a kan tarbiyya da yaran da ba su san darajar manya ba, Baba yana cewa gaskiya ne, gaskiya ne. Ba wanda ya ambaci abin da aka yi mini. Aka yanke mini sharar fili mako guda.

Da muka fito na ƙi tafiya kusa da shi. Na ce, “Shi ya zage mu, kai kuma ka ba shi haƙuri.”

Ya tsaya ya juyo. Ban taɓa ganin idonsa ja haka ba. Ya ce, “Kina tsammani ban ji zafi ba? Na fi ki ji. Amma karatunki na hannunshi. In na faɗa mashi abin da ke raina, ni na huce, ke ki zauna gida. Wanne kika zaɓa?”

Na ci gaba da tafiyata. Ban kuma yarda ba, a lokacin.

Mahaifiyata ce ta taɓo inda ban so a taɓa ba. Tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, “Ita yarinyar me ta yi miki?”

Na ce ta karɓi abin da ba nata ba.

Ta ce, “Ta karɓa ko an ɗora mata? Kin bar jaki kina dukan taiki. Shi yana can buro yana shan iska, ita tana ɗaki tana kuka. Ki je ki ba ta haƙuri.”

Ban je ba. Na ce ni ma ba wanda ya ba ni haƙuri. Ƙawata ta yi mako ba ta zo lakol ba, da ta dawo ta canza benci. Yara suka sa mata suna, suna kwaikwayon yadda ta tsaya baki buɗe. Ni da na san zafin suna fiye da kowa, ina ji ina gani na yi shiru. Daga nan har muka gama kwalej ban ƙara jin ta ɗaga murya a aji ba.

Sai bayan shekara biyu, muna gab da jarrabawar fita, na same ta ita kaɗai a gindin bedi. Na zauna na ce, “Ranar nan ina jin ki. Da gangan na yi.”

Ta ce, “Na sani. Ina ganin hannunki lokacin da kika naɗe takardar.”

Na ce ta yafe mini. Sai ta ce, “Sau biyu na je buro na ce masa ba zan iya ba, a bar miki abinki. Ya ce in na ƙara zuwa sai ya kira babana. Na so in faɗa miki, amma ko kallona ba kya yi.”

Ta ce ta yafe. Muna gaisawa har yau, na je bikinta, ta zo sunan ɗana. Amma zaman benci ɗaya bai dawo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Mutane suna son a ce lokaci yana wanke komai. Nawa bai wanke duka ba. Baba na fahimce shi, sai da na haihu na san nauyin durƙuson nan. Fuskata kuwa na daina jawo mata hijabi tun tuni. Ba zan yi wa ’ya’yana tsaga ba, kuma ba zan ba kowa haƙuri don tawa ba. Amma babban mutum, mai ilimi, wanda aka damƙa wa yara, ya dubi yarinya ’yar shekara goma sha huɗu ya yanke cewa fuskarta abin kunyar ƙasa ce, wannan har gobe ina jin haushinsa. Da magana ɗaya ya sa na raina kaina, na ɗaga wa ubana murya, na tozarta mutum ɗaya tilo da ke tsaya mini. Na san ni na rufe bakina, ba shi ya rufe mini ba, wannan kason nawa ne kuma na ɗauka. Nasa kason fa?

Bara na ga darakta wurin wata ta'aziyya, ya tsufa, yana dogara sanda. Na gaishe shi, na faɗa masa shekarar da na yi a lakol ɗinsa. Ya yi murmushi ya sa mini albarka, ya ce yaran lokacin nan akwai ladabi. Bai tuna ni ba. Bai tuna ranar ba. Na tsaya ina jiran ko wani abu zai motsa a idonsa, sai ya juya yana tambayar inda aka ajiye masa takalmi.