Keken da Ba Ya Wuce Dattijo

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu, aiki ya yi ta faɗowa kan mutanen da ba su taɓa mafarkinsa ba. Har taubashina, ɗan gwaggona, ya samu koyarwa a makarantar firamare ta Kashin Zama. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: ranar da za a koma hutu a gan shi kafin a buga ƙararrawa, haka kuma kullum, in ba haka ba akwai masu jiran gurbin. Mu kuwa a Aliero muke, ga iyali, ga tsohuwa ba lafiya, babu zancen ƙaura.

Sai ya tafi kasuwar Jega ya sayo keke. Ya manta da abu ɗaya ƙanƙane: shekara talatin da 'yan kai bai taɓa hawa ba. Turo shi ya yi har gida, wai kada taya ta cinye.

Ni aka ɗora wa koyar da shi, don taubashi ne kawai zai yi wa magidanci dariya a zauna lafiya. Na yi kuwa, ban rage ba. Cikin kwana huɗu ya iya tafiya, bayan ya kwanta a fangalin albasar mutane sau biyu. Hawa ne ya gagara. Sai ya taka dakalin ƙofar gida ya zauna daram bisa sirdi, sannan ya tura. In na ce ya jefa ƙafa keke na tafiya, sai babbar riga ta naɗe shi, su zube tare.

Saura mako biyu, na tsara masa. Yau ka kai bakin gari ka dawo. Jibi ka kai rumfunan albasa. Sau uku a makon farko, na biyu kullum, kana ƙara nisa kaɗan kaɗan har ƙafa ta saba. Ya ce to.

Kullum zai fita a kan keke, ya dawo keke na gefensa kamar akuyar da aka kasa sayarwa.

"Sannu da aiki, jarumi," in ji ni. "Yau ina anka kai? Makka?"

"Kai dai bari," in ji shi.

Ran nan haushi ya kama ni, na bi shi a baya. Ya fita lafiya, feda na juyawa, har na fara yaba kaina. Sai ga tsohon malaminmu na allo zaune bisa buzu a ƙofar gidansa, bakin hanyar da ba ta da makewaya. Taubashina ya ja burki, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Aka tambayi gida, aka tambayi gona, aka tambayi jikin tsohuwa. Da aka gama, babu dakalin takawa, ga kunyar ya yi ta tsalle a gaban Malam. Sai ya kama kan keke ya ci gaba da turawa. Ashe kwana goma ina horar da shi tafiyar ƙasa ne.

"To mi kaka so in yi?" in ji shi. "In wuce Malam ina bisa? Mutumin da ya ba ni alif?"

"Ka ɗaga hannu ka wuce. In an kore ka, ladabin za ka dahwa ma ɗiyanka?"

Bai yi dariya ba. Ni ma da na faɗa sai na ji ba daɗi, don da ni ne, da na sauka.

Ranar komawa makaranta ya fita da sassafe, ya dawo bayan azahar, a kan keke zuwa da dawowa. Ya isa da wuri, an rubuta sunansa. Na shirya masa kirari, sai na ga ya jingine keken ya zauna ya ƙi tuwo. Ashe ya wuce Malam bai sauka ba. Ko hannun bai iya ɗagawa ba, don in ya saki kan keke zai faɗi. Ya ce da ya san haka abin yake da ciwo, da ya bar musu aikinsu.

Tausayinsa ya kama ni, abin da ban saba ba. Bayan la'asar na tafi na durƙusa gaban Malam, na ce laifina ne, ni na zuga shi.

Malam ya dube ni ya ce, "Kai ka zan mai wayon garinga, ko? Kwana goma ina kallon yaron nan shina tura ƙarhe, na rasa yadda za ni hana shi sabka. Yau da nig gane shi tahe, sai nij juya baya ina gyaran buzu har ya wuce."



"Ka ce mai ban gan shi ba," in ji Malam. "Gobe ma ba ni ganinai. Ranar Juma'a shi taho da ƙahwa shi gaishe ni."