Kujerar Marigayi a Jirgin Lyon

Asabar, Sevran

Ƙarfe biyar da minti goma na asuba muka rufe ƙofa, ni da Dogo. Asansar, wato lif ɗin benenmu, ta tsaya kamar kullum, sai muka sauko hawa shida da ƙafa, shi a gaba da jakar ƙwallo, ni a baya da kwanon dambu ɗaure a ɗankwali. Ku da ke gida Damagaram kun san Dogo ba sunansa ba ne. Ɗan farina ne, shekararsa goma sha biyu, kuma tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunansa na yanka ba, yadda Inna ba ta taɓa furta na Yaya ba. Nan Faransa abin ya sha ba ni wahala. In malamar lakwal, wato makaranta, ta tambaye ni sunan yarona sai in miƙa mata takarda, ta yi ta kallona kamar wadda ta sato ɗan mutane.

Mai kiran sunan ya rasu wata takwas ke nan. Mai gidana dako yake yi a babbar kasuwar Rungis. In ya sauka aiki da safe, wanke ido kawai yake yi ya kama hannun Dogo, sai filin wasa. Da sanyi basket, wato ƙwallon kwando, da bazara bezbol, wasan nan na sanda da ƙaramar ƙwallo wanda har ya koma ga Allah bai gane dokarsa ba, amma ihunsa ya fi na kowa. Ni ban taɓa leƙawa ba. Uwa ta je ta tsaya gaban jama'a tana yi wa ɗan fari tafi? Ina!

Abin da ya fito da ni wannan karon, kocinsu ce, wata Bafaranshiya mai suna Madam Selin, ta kira ni a salula. Ta ce a basket in aka yi wa yaro laifi, ana tsayar da shi a kan layi ya jefa ƙwallo shi kaɗai, kuma daƙiƙa biyar kawai gare shi. Ta ce tun rasuwar babansa, in aka tsayar da Dogo sai ya riƙe ƙwallo ya juya yana kallon bencin sama ta hannun hagu, inda ba kowa, har alƙali ya busa a karɓe. A jakata akwai takardar da uwa ko uba ke sa wa hannu don yaro ya ci gaba da wasa baɗi. Ban sa hannu ba. Na ce sai na gani da idona a gasar Lyon, in abin da nake tsoro ne, na raba shi da ƙwallo har abada.

Jirgin ƙasa na RER na biyar da rabi muka samu, cike da masu shara da masu gadi suna gyangyaɗi. Muka sauya a tashar Châtelet. Duk tsawon hanyar kalma biyu ce ta fito daga bakin Dogo, ita ma don na tambaye shi ko yana jin sanyi. "Ça va," ya ce, wato ba komai.

Gare de Lyon

Shida da minti ashirin muka iso tashar Paris da ake hawan jirgin ƙasan Lyon. Yara goma cikin jajayen riguna sun kewaye Madam Selin, tana rarraba tikiti. Da ta zo kaina sai fuskarta ta yi ja.

"Madam, ki yi haƙuri," ta ce. "Mai yi mana rajista ya ɗauki jerin sunayen bara. Sun yanki tikitin Monsieur."

Ta miƙo. Sunan mai gidana ne a rubuce, kujera ta arba'in da biyu, zuwa da dawowa. Ni da na riga na yanki nawa tun mako biyu, sai na tsaya riƙe da takardar. Dogo ya zare ta daga hannuna, ya ninke ya sa a aljihun ƙirji.

Ƙarfe bakwai daidai jirgin ya ɗaga. Kujerata tana ƙetaren hanya, ina ganinsu: Dogo ta taga, arba'in da biyu kusa da shi. Ya buɗe jaka ya ciro safar hannun bezbol, babbar nan ta fata da ubansa ya saya masa, ya ɗora a kan kujerar. Alhali ba wasan bezbol za mu ba. Jirgin ya cika maƙil. Wani mutum mai jakar ofis ya zo ya nuna kujerar yana tambaya ko da kowa.

"Akwai mai ita," in ji Dogo da Faransanci, bai ko ɗago kai ba.

Mutumin ya dube ni. Na kau da kai ina kallon gonaki. Bayan kamar awa ɗaya mai duba tikiti ya zo, Dogo ya miƙa masa biyu. Ya haska na farko, ya haska na biyu, ya dubi kujerar, ya ce, "Bon voyage, messieurs," sallamar da ake yi wa maza biyu, ya wuce. Wataƙila wasa yake yi da safar hannun. Haka dai na yi ta faɗa wa kaina har muka ci kilomita ɗari huɗu da 'yan kai.

Rillieux-la-Pape

Tara saura muka sauka tashar Part-Dieu ta Lyon. Hazon ruwa ya rufe garin, benayen duk an yanke musu kai. Sauran yaran suka wuce masauki da kocinsu, mu muka hau bis, rabin awa, zuwa Rillieux, gidan Hajiya Rabi, yayar mai gidana. Wasanmu sai Lahadi da safe.

"Maraba, maraba! Kun zo lahiya? Ya gajiyar tahiya? Ya haƙuri?" Hajiya ta rungume Dogo tana kiran sunansa sau uku a jere, ita ba ruwanta, ba ita ta haifa ba. Ta ajiye mana shinkafa da miyar kuɓewa da fura da ta dama da yawurt. Ta ɗanɗana dambuna ta ce zogalen kanti ne, ai ta ji. Na ce to Hajiya, a Sevran ba mu da garka. Muka yi dariya, muka yi kuka kaɗan, muka koma cin abinci.

Da Dogo ya fita na ba ta labarin layi da bencin sama da tikiti. Ta ajiye ludayi.

"Ki hidda shi daga ƙwallon ga," ta ce. "Yaron ga jira shikai. In wanda shika jira ba ya zuwa, cuta ce. In kuwa shina zuwa, wannan ta hi muni. Mi kike jira?"

Na ɗauki mayafi na sauka neman yaron.

Bayan benen akwai fili mai ciyawa, hazo ya cinye ƙarshensa. Ƙarfe huɗu na yamma ne amma ko bishiya ba ka gani taku ashirin. Na same shi tsaye da safar a hannun hagu. Ya wurga ƙaramar ƙwallon cikin hazon, ta ɓace. Na ƙirga numfashi uku. Sai ga ta ta gangaro a hankali cikin ciyawa, ta tsaya daidai ƙafarsa. Ya ɗauka ya sake wurgawa. Ta sake dawowa. Daga baya Hajiya ta ce filin tudu ne, gangare yake. Na yarda. Amma a lokacin tsigar jikina ta tashi, na karanta duk abin da ya zo bakina.

"Kai, Dogo, wa kake gani a bencin nan?" na tambaye shi.

"Ba kowa, Maman. Shi ne matsalar." Ya juya ƙwallon a hannu. "Papa yana kirana kafin in jefa. Kowa ya yi shiru, shi ya kira ni, ya ce ɗaga kai. In ba a kira ba, hannuna ba ya tashi."

"To kocinku ta kira ka mana."

"Ba haka take faɗinsa ba." Ya dube ni sosai, karo na farko cikin watanni. "Maman, kin san sunana kuwa?"

"Ji yaro! Wa ya haife ka?" na ce, ina dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ya jira. Wallahi ya jira, ni ma na ji sunan ya taso har maƙogwaro, ya tsaya nan. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwallonsa muka hau sama. Ban taɓa jin kunya ta yi mini nauyi irin na ranar ba.

Lahadi, zauren wasa

Tara da rabi muka isa, tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa. Zauren yana warin roba da kofi. Iyaye sun cika benci, kowa yana kwarma sunan ɗansa kamar masu talla a tasha. Ni na hau can sama ta hannun hagu, inda aka ce yana kallo. Na ce in akwai abu a wurin, gara ya same ni zaune. Ba kowa a bencin sai ni da jakata, takardar tana ciki.

Ban gane wasan ba, amma na gane ɗana ya iya. Yana ratsa yara kamar ba ya taka ƙasa. Saura minti biyu a tashi, wani ƙato ya buge shi a hannu, alƙali ya busa. Aka tsayar da Dogo a layi, aka ba shi ƙwallo. Zauren ya yi tsit. Ya buga ta ƙasa sau biyu, ya riƙe, ya juyo. Ba ni yake kallo ba. Gefena yake kallo, inda ba kowa. Alƙali ya ɗaga hannu yana ƙirga da yatsu. Ɗaya. Biyu. Na ji wani sanyi ya bi gefen jikina na hagu. Uku.

Sai aka kira sunansa.

Muryar mai gidana ce. Shekara goma sha huɗu na kwana na tashi da muryar nan, ba mai gaya mini. Kakkaura, da ɗan kaushin mai aikin ɗakin sanyi, ta ja ƙarshen sunan yadda mutanen Maraɗi ke ja. "Ɗaga kai!" Zauren ya amsa. Dogo ya juya, ya ɗaga kai, ya jefa. Ƙwallon ta zagaya bakin ragar ta faɗo waje. Aka sake ba shi, ya jefa ba tare da ya waiga ba, ta shiga.

Na tsinci kaina a tsaye, mayafina a ƙasa, mutane suna waigowa. Na duba dama da hagu, ba kowa. An ci su da maki huɗu, amma ban ma san an tashi ba sai da Madam Selin ta hauro, fuskarta fari fat.

"Madam," ta ce a hankali, "shekara huɗu ina jin kiran nan. Na juyo ina neman mijinki."

Na buɗe baki in ce ni ma na ji shi. Murya ta ƙi fita. Maƙogwarona yana zafi kamar na haɗiyi yaji.

Hanyar dawowa

Hajiya ta raka mu bakin bis da ledar kilishi. Na gaya mata da raɗa, don muryar ba ta dawo ba. Ta dube ni ta ce, "Allah shi jiƙan ƙanena. Ki yi mishi sadaka in kin isa." Ba ta sake maganar fitar da yaro ba.

Jirgin ƙarfe uku da minti huɗu muka shiga. Wata 'yar Senegal, uwar abokin Dogo, ta zo da salula tana dariya. "Ma sœur, 'yar uwa, ashe kina da murya haka!" Ta ɗauki wasan duka. Na ga layi, na ga yatsun alƙali, sannan hoton ya juyo sama. Ga ni a tsaye, hannuwana biyu a gefen baki yadda marigayi ke yi in yana kiran mutum daga nesa. Bakina ne a buɗe. Muryar da ke fita ba tawa ba ce. Na sa ta maimaita sau uku, har dariyarta ta ɗauke, ta karɓi abarta ta koma wurinta.

Ban san abin da zan ce muku ba, 'yan uwa. Ban tuna na miƙe ba, ban tuna na buɗe baki ba. Allah ne masani.

Safar hannun tana kan arba'in da biyu kamar jiya. Bayan mun bar gari Dogo ya ɗauke ta, ya tura cikin jaka, ya ja zif.

"Maman, dawo nan ki zauna."

Na tsallaka na zauna. Kujerar da ɗumi, alhali tun safe rana ba ta fito ba. Ban tashi ba. Na sauke ɗan teburin, na ciro takardar, na sa hannu, na tura masa. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihun da tikitin yake, ya jingina kansa a kafaɗata har Paris.

Sevran

Shida da rabi na yamma muka sauka Beaudottes, tasharmu ta Sevran. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Hajiya Rabi da abincinta da bakinta, da Madam Selin da ta ɗaga waya ta kira ni. Inna, in an karanta miki wannan, ki yafe mini abin da zan rubuta.

Asansar tana nan yadda muka bar ta. Dogo ya yi gaba da jaka, har ya kai hawa na biyu ina jin takunsa. Na tsaya a ƙasa riƙe da kwanon dambu, ina tsoron wace murya za ta fito. Na yi bisimilla.

"Isuhu."

Tawa ce, siririya, a shaƙe. Takun ya tsaya. Ya leƙo ta saman ƙarfen matakala.

"Na'am, Maman."