Hoton Inna da Dutse a Ka

Wata safiya cikin ranin shekarar 1986, ina da shekara goma sha ɗaya, na ga matan garinmu sun hau fako ɗaukar dutse sanye da kayan Salla. Ranar ba mu da lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa na bi Inna ina riƙe mata da gorar ruwa. Kwana biyu kafin nan shugaban aikin, wanda muke ce wa shef, ya sanar cewa wata baturiya za ta zo ɗaukar hoto, kuma tun daga lokacin garin bai zauna ba. Aka yi kitso, aka ƙunsa lalle, aka bi gida-gida aron ɗankunne da awarwaro. Inna ta buɗe akwati ta ciro atamfar da Baba ya aiko mata daga Abijan, wadda ko ruwa ba ta taɓa gani ba, ta sa kwalli, ta ɗaura wa ƙanwata Hasiya ɗan kallabi ta goya ta da sabon majanyi. Da muka isa sai muka tarar da sauran mata sun jeru gefen tarin duwatsu, kowacce tana kare bakin zanenta daga ƙasa, ƙamshin turare ya cika wurin da kullum warin zufa ne.

Garinmu yana kusa da Tamaske, a gindin wani tudu mai duwatsu. Bayan farin da aka yi shekara biyu kafin nan, maza sun watse biɗa, wasu Abijan, wasu Legas, aka bar tsofaffi da mata da yara. Sai aka zo da aikin gyaran ƙasa: a kwaso duwatsu a jera su a kan fako don su tare ruwan sama, a haƙa ramuka a dasa itatuwa, a biya mutum da dawa da mai da gwangwanin kifi. Mata ne suka ɗauki aikin. Inna kan tashi da asuba, ta yi salla, ta dama fura, ta saka wata tsohuwar taguwar Baba mai ratsin shuɗi wadda ta yage a kafaɗa, ta ɗauki gammo ta hau tudu. Ni ke daka, ni ke zuwa rijiya kafin a buga ƙararrawar lakwal, in an tashi kuma in je in samo wa awaki ciyawa. Da azahar take saukowa, fuskarta ja da ƙasa, wuyanta ya sage har sai ta juya jikinta duka in za ta dubi mai magana.

Ba wanda ya ce mana mu yi ado ranar hoton, amma mu abin da muka sani ke nan. Duk macen da muka taɓa gani a takarda da ado muka gan ta. In Baba ya aiko da kaya, a cikin tsofaffin shafukan mujallu yake naɗe su, Inna kuwa ba ta zubar da ko ɗaya. Takan miƙe su da tafin hannu, ta dama ɗan gari ta manna su a bango bayan jeren kwanoninta. A nan na fara sanin matan takarda. Akwai mai riƙe da sabulu kusa da kumatunta, akwai mai shafa mai a hannu tana lumshe ido, akwai wata da ta buɗe tukunya tana yi mata dariya kamar tukunyar ta ba ta labari. Dukansu farare ne sumul, ba mai taɓarya, ba mai guga, ba wadda goyo ya yi wa fitsari. Mazan kuwa suna kan babur ko riƙe da rediyo, agogo a hannu, suna duban nesa kamar masu shirin tafiya. Ni da ƙawayena mukan zauna gaban bangon muna rabon su, kowa na cewa “wannan ni ce,” har a yi faɗa a kan mai sabulun. In lokacin salla ya yi, Inna kan rataya zane ta rufe su, kuma ita ta sa na yi wa masu buɗaɗɗiyar kafaɗa mayafi da tawadar lakwal. Ige, taubashiyar Inna, mace mai baki da ba ta barin kowa, ta taɓa tsayawa gaban mai tukunyar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Wagga ba ta taɓa hura wuta ba. Dubi idonta, ko hayaƙi bai san shi ba.”

Saboda haka da motar baturiyar ta tsaya a kan fako, matan suka miƙe tsaye ƙyam, hannuwa a gefe, baki a rufe, kamar yadda ake yi gaban mai hoto. Baturiyar ta fito, doguwa, rana ta ƙona mata hanci. Ta dube su, ta dubi shef, ta sake duban su. Tafinta ya ce tana so a yi aiki kamar kullum. Ba wadda ta motsa, don wa zai aza dutse a kan sabon kitso? Da aka matsa, sai Ige ta duƙa ta tsinci wani ɗan dutse kamar ƙwan zabo, ta ɗora shi a tafin hannu kusa da kumatunta, ta karkace wuya ta lumshe ido irin na mai sabulun bangonmu. Wurin ya kaure da dariya, har baturiyar sai da ta zauna a kan dutse tana share hawaye. Ta ɗauki ƴan hotuna don kada a ce ba ta ɗauka ba. Inna, wadda ba ta saba magana gaban baƙi ba, ta matsa kusa da tafinta ta ce a hankali, “Ka roƙa mini ita guda ɗaya, in aika wa maigida. Damina biyu bai ga ɗiyarshi ba.” Tafinta ya ce hotunan ba na nan ba ne, can ƙasarsu za a wanke su. Inna ta ce to, ta koma layi. Bayan ƴan kwanaki baturiyar ta dawo ba sanarwa, ina lakwal. Inna ta ce ta dai gan ta tana yawo tsakanin masu aiki, ba ta kula ba.

Sai ranin da ya biyo baya shef ya zo da mujallar da aka buga hotunan baturiyar a ciki, yana murna, ya tara mata a inuwar motar aiki don ya nuna musu. Ba hoton Ige, ba atamfar kowa. Shafi guda cur Inna ce: dutse a ka wanda ya fi tukunyar tuwonmu girma, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, Hasiya na barci a bayanta baki buɗe, ga taguwar Baba mai ratsin shuɗi, yagewar kafaɗar ta fito fili. Ba gidan da bai san taguwar nan ba, da ita Baba ya yi shekaru yana zuwa gona. Aka kira ni in karanta rubutun ƙasan hoton tunda Faransanci ne. Na karanta, na faɗa musu yadda yake: maza sun tafi, mata sun tsaya su kaɗai suna ceton ƙasa. Wasu suka ce ai gaskiya ne. Ige ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi fuskar Inna, ta fasa. Inna ta roƙi shef ya ba ta shafin, ya yage ya ba ta, ta ninke ta soke a ƙugu, ta ɗauki gammonta ta koma aiki.

Ranar ba ta ci tuwo ba. Abin da ya dame ta ba dutsen ba ne, ba ta taɓa jin kunyar aiki ba. Sunan Baba ne. Mutum yana can yana tura amalanke cikin rana yana aiko da abin da ya samu, ga shi an kai matarsa ƙasar da bai sani ba cikin tsumma, an rubuta a ƙasa cewa ya tafi ya bar ta. Na yi ƙoƙarin lallashinta da abin da mushe, malaminmu na lakwal, ya bayyana mana: mujallar ba don mu aka yi ta ba, don mutanen can ne, su gani su ji tausayi su ƙara aiko da taimako. Inna ta ɗaga kai ta dubi matan bangonta, sannan ta ce, “Ashe su ana nuna muna su da ado don mu saya, mu ana nuna musu mu da tsumma don su bayar.” Ta ɗaga babban kwano na ƙasan jere ta ajiye shafin, ta ce Allah ya sa kada labarin ya kai Abijan.

Labarin bai kai Abijan ba, amma ya tare Baba a tasha. Ya dawo gab da damina, ko kayansa ba a gama saukewa ba wani abokin wasansa ya ce, “Sannu da zuwa, na Abijan. Kai kana can bakin teku, taguwarka ta tahi Turai ta dawo.” Baba ya shigo gida da fara'arsa, ya raba tsaraba, ya ɗauki Hasiya wadda ta ƙi shi tana kuka. Inna ta yi ta kai da kawo da abinci, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Sai bayan kwana biyu, da ya dawo daga sallar la'asar ya zauna a ƙarƙashin rumfa, ya ce, “Ramatu, in ga takardar da anka ce.” Na zaci za ta ce ta ɓata, amma Inna ba ta iya ƙarya. Ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar kwanoni, ta fito ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu, ta juya fuska wajen turmi.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa ni na karanta rubutun. Bai yi fushi ba, bai kuma yi dariya ba. Ya ɗora ɗan yatsa a kan dutsen ya ce, “Wanga, daga ina zuwa ina kike kai shi?” Inna ta ce daga gindin tudu zuwa sama. Ya ce kullum? Ta ce ban da Juma'a. Washegari ya bi ta fako. Ban je ba, Ige ce ta ba mu labari, ta ce ya zaɓi dutse irin na hoton ya sa aka aza masa, ya kai rabin hanya ya sauke ya zauna a kai yana haki, ita kuwa ta ce masa, “Mijin taubashiya, a kawo maka irin nawa na ƙwan zabo?” Ta ce daga nan ya bi layin duwatsun da matarsa ta jera yana tafiya a hankali, yana duban ƴan itatuwan da suka kama a wurin da ya sani ko ƙaya ba ta fitowa.

Ranar kasuwar Tamaske ya ce Inna ta ɗaura atamfarta. Ya kai mu wurin mai hoto, aka zaunar da ita a kan kujera gaban labule mai zanen bene da furanni, Hasiya a cinya, ni a tsaye, shi a bayanmu da agogonsa. Hoton da ta roƙa ke nan, ta same shi. Aka yi damina, aka girbe, gero bai kai ya riƙe mu shekara ba, dole Baba ya sake shirin tafiya. Da safen da zai tafi Inna ta naɗe hoton Tamaske a cikin ƙyalle ta kawo masa. Ya karɓa ya duba, ya mayar mata, ya ce na bango ne, a bar wa yara. Sannan ya ciro shafin mujallar daga aljihun gaba, a ninke, ya nuna mata ya mayar. Inna ta ce, “Haba, maigida, ka ɗauki mai kyau mana, kada abokanka su gani.” Ya ce, “Mai kyan na ɗauka. Su gani.” Ta rufe baki da gefen mayafi, ban san ko dariya take ko kuka ba, ta tsaya a ƙofar gida har ya sha kwana.

Yau ina zaune a Madawa da nawa iyalin. Ƴaƴana mata suna da wayoyi cike da hotunansu, kuma ba sa yarda a ɗauke su sai sun wanke fuska sun gyara ɗauri. In na shigo da waya suna tsakiyar wanke-wanke sai su watse suna kare fuska. A talabijin har yanzu matan talla suna yi wa tukunya dariya, mazan na jan mota. Ba na hana su kallo, sai dai nakan tambaye su wa aka yi wa wannan hoton, kuma me ake so ya yi in ya gani. Inna da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. In na je gida nakan hau tudu in zauna a inuwar itatuwan da suka fi soro tsawo. Hoton Tamaske yana nan a ɗakina, Inna ta yi kyau a ciki ƙwarai, sai dai ta ƙame kamar baƙuwa. Shafin mujallar kuwa ya ƙare a aljihun Baba, ninki ya cinye shi, zufa ta wanke shi. Shi nake kewa, don a cikinsa ne na san uwata.