Ƙishirwar Agali a Lambun Surukinsa

Agali mutumin Timiya ne, kuma tun da ya yi aure yake aiki a lambun lemon surukinsa. A wurinmu namiji ba ya sauke amawalin rawaninsa daga baki ya sha ruwa a gaban uban matarsa, ga shi tsohon ba ya barin lambu sai rana ta faɗi. Haka Agali yake wuni yana shayar da itatuwa, shi maƙogwaronsa a bushe. Tsakuwar ƙoda ta sha kayar da shi har yana birgima. Likita ya ce ba sammu ba ne, ƙarancin shan ruwa ne.

Abin da ya fi cin ransa ƙaninsa ne Gumar, wanda ya auri marainiya. Gumar yakan zo bakin rijiya ya kafa kai a guga.

"Yaya, bismilla mana," yakan ce yana dariya.

"Sha ka fashe, marar suruki!" in ji Agali ta cikin rawani.

Rannan na tarar da Agali yana hararar jakin da ke shan ruwa a gaban tsohon. Ya ce mini, "Dubi, har wannan ma ya fi ni sa'ar aure."