Ranar da Leah ta Bar Ɗakin Yara

Idan an taɓa yi maka tiyata a Zuru, akwai alamar ka bi ta hannun Leah Solomon, sai dai ba za ka tuna ta ba, don kana barci a lokacin. Haka kuwa take so. Doguwa ce, marar yawan magana, takan miƙa wa likita almakashi tun kafin ya buɗe baki. Sababbin nas-nas gani suke kamar a ɗakin tiyata aka haife ta. Ba su san da ɗakin yara ta fara ba.

'Yar Dabai ce, nan kusa da Zuru, ɗiyar tsohon soja. Ita kaɗai ta yi karatu mai zurfi a gidansu, yayarta Joyce kuwa gona da aure suka ɗauke ta tun da wuri. Da Leah ta gama makarantar koyon jinya a 2004, Baba Solomon da kansa ya zuba gawayi a dutsen guga ya goge mata farar rigarta, sannan ya zauna bakin hanya yana ba duk mai wucewa labari, har wanda bai tambaya ba.

Ba ta yi wata biyu a ɗakin yara ba aka gane tana da hannu. Yaron da gudawa ta tsotse, jijiya ta ɓace, manyan nas sun soka sau uku sun haƙura, Leah za ta shafa gefen kansa da ɗan yatsa, ta sa allura sau ɗaya, ruwa ya fara ɗiga.

Baiwarta ta biyu ce ta zame mata masifa. Duk ɗakin ita kaɗai ke jin C'lela, yaren mutanen kan tudu. Likitan, Dakta Chibuike, mai hidimar ƙasa ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ke ciwo" ba. Matan ƙauye kuwa suna da Hausar cin kasuwa, amma ranar tashin hankali takan gudu ta bar su. To ku dubi rashin adalcin abin. Yaro in ya farfaɗo ba a neman tafinta, uwa na ganin ya kama nono, ta gode wa Allah, ta gode wa likita. Sai in rai ya yi halinsa ake cewa a kira Leah. Ko tana cin abinci, ko ta tashi aiki tana bakin ƙofa, a kira Leah. Ita za ta durƙusa gaban uwar, ta kama hannunta, ta faɗa mata da yaren da aka yi mata rarrashi tana goye.

Da bazarar 2005 baƙon dauro ya shigo, gadaje suka cika, aka shimfiɗa tabarmi a baranda. Cikin mako uku Leah ta durƙusa gaban iyaye mata goma sha ɗaya. Kowacce ta koma ƙauyensu ta ba da labari, kuma ba wadda ta ce ciwo ne ya ci ƙarfinsa ko an kawo shi a makare. Cewa suke ɗiyar Solomon ta zo ta tsaya a kansa. Tun Leah na ɗaukar abin wasa har ta ga in ta nufi gado da ma'aunin zafi, uwa na jawo zane ta rufe ɗanta. Wata Lahadi a cocinsu na Dabai, matar da ke kusa da ita ta sauya wa jaririnta cinya, ta juya mata baya. Leah ta ji kunya, ta ji haushi, ta kuma fara tsoron ƙarar takalminta a cikin ɗakin.

Matiron Theresa, shugabar nas-nas, wadda ta shekara talatin a Zuru mijinta na sayar da kayan gyaran babur, ba abin da ke wuce mata. Ta kira Leah ofis.

"'Yata, akwai wuri a tiyata. In kina so naki ne, ki ba ni amsa kafin Juma'a. Amma ni ban so ki tafi. Wata bakwai kawai kika yi, kuma hannu irin naki ban gani ba da daɗewa."

"Mama, in na tahi wa zai riƙa hwaɗa musu?"

Su biyun sun san amsar. Ranar da Leah ta yi hutu sau ɗaya, wani yaro ya rasu, an cire masa ruwa, an miƙa wa uwarsa zanenta, shi ke nan. Matar ta goya gawar ta tafi ba wanda ya gaya mata abin da ya kashe shi. Wannan ne ya hana Leah sakewa kwana uku. Tana son guduwa, tana kuma ganin gudun rashin imani ne. A ƙarshe ta ƙudura za ta zauna, ta ce mutane za su gane wata rana.

Ranar Laraba ta je Dabai ta gaya wa Baba. Tana shiga gida ta ga kowa na kauda ido. Sai ta ji tari daga ɗakin baya. Magdalene ce, ɗiyar Joyce, 'yar shekara uku, wadda Leah ta riƙe ranar baftisma. Kwananta biyar da baƙon dauro. Gida guda, da uwa da uba da maƙwabta, an haɗa baki an ɓoye wa nas ɗin gidan, ana ta zuwa kemis.

Joyce ta tare ƙofa da jikinta.

"Kada ki shiga."

"Yaya, ni ce fa."

"Na san ke ce. Ba ƙin ki nike ba, Leah, Allah ya sani. Amma wagga yarinya ita kaɗai gare ni."

Daga inda take tsaye Leah na ganin haƙarƙarin yarinyar yana lotsawa duk numfashi. Ciwon ya sauka ƙirji. Ta roƙa, ta yi kuka, ta yi faɗa, Baba ya sa baki. Da ƙyar Joyce ta yarda a kai asibiti, amma da sharaɗi ɗaya: kada Leah ta kasance a ɗakin.

Shi ke nan, shawarar kwana uku ta rushe a tsaye. Leah ta riga su isa Zuru, ta sa hannu a takardar Matiron, kafin azahar tana tiyata tana wanke ƙarafa. Francis, mijin Joyce, ya kawo su a babur, aka ba su gado.

Wajen la'asar wata nas ta leƙo a guje. Ta ce sun soki Magdalene sau huɗu, jijiya ta ƙi, likita ya ce in ruwa da magani ba su shiga yanzu ba, ba labari. Leah ta tsaya da hannu cikin kumfa. Ta yi alkawari, amma ta san sau ɗaya kawai take buƙata. Ta yi tunanin ta sa a fitar da Joyce da dabara, sai ta ga ba lokaci. Ta goge hannu ta bi bayan nas ɗin.

Wannan kuskuren har yau ba ta yafe wa kanta ba. Joyce na ɗaga kai ta gan ta a bakin ƙofa, sai ta kurma ihu, ta suri yarinyar ta fita ta ɗaya ƙofar. Leah na bin ta tana cewa allura kawai za ta sa, Joyce na ƙara gudu. Ba wanda ya iya riƙe ta. Francis ya tada babur suka tafi. Washegari Magdalene ta rasu a Dabai.

A wurin makoki ba wanda ya zagi Leah, da ma an zage ta da ta fi samun sauƙi. An ba ta kujera can gefe, an kawo mata ruwa, an gode mata da zuwa.

Sau biyu Matiron ta nemi ta koma ɗakin yara kafin ta yi ritaya, sau biyu Leah ta ce a yi haƙuri. Tana zuwa Dabai Kirsimeti, ita da Joyce suna gaisawa, har sukan yi girki tare. Joyce ta sake haihuwa biyu, mace da namiji, suna nan lafiya lau. Leah ta san ranar haihuwar kowannensu, tana aika musu kaya da sabulu, amma ba ta taɓa ɗaukar ko ɗaya ba, ba a kuma taɓa miƙo mata ba.