Agogon da Kawu Ya Ba Malaminsa

Har yau idan na ga agogon bango mai zagayen ruwan gwal a shagon wani, sai na kau da kai. Irinsa arba'in muka sayo a Kwatano ni da kawuna, ƙanin mahaifiyata, wajen ƙarshen shekarun tamanin, kuma ko ɗaya bai shigo garinmu Rogo ba.

Kawu manomi ne a Zoza, yana da bijimai biyu na huɗa da duk ƙauyen ya san su. Da gwiwoyinsa suka fara ciwo sai ya sayar da su, ya ce ya gaji da rana, zai kama rumfa a kasuwar Karaye ya zauna a inuwa. Lokacin kowane ango yana son agogo a bangon ɗakinsa. Ni kuwa ina koyarwa a firamare a Gwangwan, ina ji da kaina, don haka ni aka zaɓa in raka shi saboda takardu. Ba wanda ya tuna cewa takardun can da Faransanci ake rubuta su, ni ma ban tuna wa kowa ba.

Da za mu dawo Kawu ya kafe sai mun biyo ta Nijar. Malamin da ya karantar da shi Alƙur'ani yana wani ƙauye kusa da Maraɗi, rabonsu da juna ya fi shekara ashirin. Muka ɗauki shatar a-kori-kura, aka ɗora akwatin katakon da agogunan ke ciki.

A bakin iyakar shiga Nijar 'yan kwastan suka buɗe akwatin, suka ƙirga, suka rubuta, suka mayar suka rufe. Sannan ɗaya ya naɗe shi da waya, ya matse bakin wayar da wata 'yar dalma mai tambari. Ya ga biro a aljihuna, sai ya kama yi mini dogon bayani da Faransanci, ni kuma ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. A ƙarshe ya ce da Hausa, kaya masu wucewa ne, kada a taɓa. Da Kawu ya tambaye ni me ya ce, na ce masa ai don ɓarayi aka sa, kada su taɓa mana kaya a hanya. Wallahi haka na faɗa, da bakina, ba tare da ko ɗar ba.

Mun isa ƙauyen Malam da hantsi. Tsoho ne tukuf, idonsa ya yi rauni, amma da murya kawai ya gane Kawu. Ban taɓa ganin kawuna ya durƙusa wa wani haka ba. Aka yanka mana zakara, aka dama fura. Direba ya tafi neman mai a jarka, ni kuma na zagaya bayan gida. Ina dawowa na tarar da Kawu a kan mota da filaya a hannu, wayar a tsinke, yana zaro agogo guda. Ko a jikina. Har ni na sa batir, na saita lokaci, na hau turmi na buga ƙusa a bangon zaure. Malam ya rungume agogon kafin a rataye, ya kara kunne yana jin tafiyarsa, ya yi ta sa albarka. To wane ne zai je gaban malaminsa hannu rabbana, ga kaya a mota?

Sai da muka yi nisa direba ya ga wayar a tsinke. Ya taka burki, ya fito, ya ɗora hannu a ka yana salati. A nan na fara gane cewa ba don ɓarayi aka sa dalmar ba.

A iyakar fita muka samu wani jami'i dattijo, Bahaushe, mai magana a hankali. Bai yi mana tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce kayan da aka rubuta masu wucewa ne ba a biya musu kuɗin fito ba, saboda an yarda ba a ƙasar za su zauna ba. Dalmar nan ita ce shaidar cewa yadda suka shiga haka suka fita. Yanzu ga ta a karye, takarda ta ce arba'in, akwati ya ce talatin da tara. A wurin doka mun sauke kaya a ƙasarsu ba izini, hukuncinsa kuma a ƙwace duka. Na ce masa ranka ya daɗe, tsaraba ce fa, ba sayarwa muka yi ba. Ya ce takardarsa ba ta da gurbin tsaraba.

Duka? Saboda agogo ɗaya?

Da ya ga furfurar Kawu sai ya sassauta. Ya ce ƙauyen ba nisa, mu koma mu karɓo agogon, lissafi ya cika, shi kuma zai rubuta tarar karya dalma kawai, wadda abin da ya rage a aljihunmu zai iya biya. Na yi hamdala, har na juya ina kiran direba. Sai na ji muryar Kawu a bayana.

"Ba za a koma ba."

Na ce, "Kawu, bijimanka ne fa a cikin akwatin nan."

"Na sani. In je in ce wa Malam ya cire daga bango ya ba ni?"

Na roƙe shi, na ce ni zan shiga, shi ya tsaya a mota. Na ce za mu saya wa Malam wani a Maraɗi, wanda ma ya fi wannan. Ya ce wanda Malam ya sa wa albarka shi ne wannan. Raina ya ɓaci, na ɗaga masa murya a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba, na ce wannan ba ladabi ba ne, ganganci ne. Jami'in da kansa ya tambaye shi har sau uku ko ya fahimci abin da zai rasa. Kawu ya ce ya fahimta, ya dangwala yatsa a takarda. Muna kallo aka sauke akwatin aka shiga da shi.

Har muka iso Rogo ban yi masa magana ba, shi kuma bai taɓa tambayata abin da mutumin farko ya faɗa da Faransanci ba. Bai gaya wa mahaifiyata cewa ni na ce don ɓarayi ne ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Da ruwa ya sauka na hau keke na je Zoza. Na same shi a gona shi kaɗai, yana huɗa da garmar hannu, ya ɗaure gwiwarsa da tsumma, kunya uku kacal ya yi tun safe. Na durƙusa zan nemi gafara, amma ya riga ni magana. Ya dafa ƙotar garmar ya miƙe da ƙyar, ya share gumi, ya ce akwai abin da ke damunsa tun da muka dawo.

"Ka dai nuna wa mutanen gidan Malam yadda ake canza batir ɗin ko?"

Ban nuna musu ba.